Raba manomi da gonarsa a lokacin yaƙi: larura ce ko zalunci?

Sani_Dawanau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na karanta wani labari da har yanzu bai sake ni ba, na ce bari in kawo shi gaban manya. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin noma a kowace gunduma ta Ingila da Wels tun 1939. Kwamitin nan yana da ikon shigowa gonarka ya ce huɗe nan, sa alkama can, dankali a wancan gefen. In ka ƙi, ko suka ga gonar ba ta samun kulawa, sai su karɓe ta, wani ma har da gidan da yake kwana. Kuma babu kotun da za ka kai kuka. Akwai wani dattijo, Ray Walden, ɗan shekara 65, a ƙauyen Itchen Stoke na gundumar Hampshire. An ce ya huɗe wani ɓangare na makiyayar shanunsa, ya ƙi. An ce ya tashi, ya ƙi. A watan Yulin 1940 'yan sanda suka kewaye gidan, suka kwana a kansa, suka jefa barkonon tsohuwa, daga ƙarshe aka harbe shi, rai ya yi halinsa a asibiti. Tambayata ita ce: yaƙi ya isa hujjar raba mutum da gonarsa don an ce bai iya noma ba? Kuma a hannun wa ma'aunin iya noman yake?

Maman_Hanifa:
Inna lillahi. A kan ciyawa aka kashe tsoho?

Malam_Bashir_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, ka kawo magana mai nauyi, amma ka bar wani yanki a baya, kuma adalci ne a faɗe shi. Walden ba hannu rabbana ya zauna ba. Yana da bindigar farauta, shi ya fara harbi, ya raunata 'yan sanda. Barkonon tsohuwar ma bai fito da shi ba, don yana da abin rufe fuska irin wanda aka raba wa kowa a lokacin saboda tsoron iskar guba. Da aka zauna binciken mutuwarsa, hukuncin da aka yanke shi ne kisan yana bisa hujja. Ban faɗi wannan don in wanke kwamiti ba. Na faɗa ne don kada mu ɗora muhawara a kan rabin labari.

Sannan ku dubi watan da abin ya faru. Faransa ta faɗi a watan Yuni, Ingila na jiran Jamus ta tsallako kowace safiya. Kafin yaƙi kusan kashi biyu cikin uku na abincin ƙasar ta ruwa yake shigowa, alkama daga Kanada, nama daga Ajantina, man shanu daga Niyu Zilan da Danmak. Jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin teku suna nutsar da jiragen kaya, kuma duk jirgin da ya ɗauko hatsi to bai ɗauko makami ba. Lissafin gwamnati mai sauƙi ne: eka ɗaya ta alkama ko dankali tana ciyar da mutane ninkin-ba-ninkin abin da eka ɗaya ta ciyawa za ta ciyar ta hanyar nama. Shi ya sa suka sa ladan fam biyu a kan kowace eka ta tsohuwar makiyaya da aka huɗe.

Sani_Dawanau:
Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma harbin nasa ai bayan an zo fitar da shi ne. Tambayata tana kan zuwan, ba kan harbin ba.

Injiniya_Kabiru:
Ni kam ina bayan gwamnati, ba kwana-kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana ɗibar 'ya'yan mutane ana kai su fagen daga, matuƙan jirgin ruwa suna mutuwa a teku don kawo garin burodi, sai wani ya ce shi gonarsa tasa ce, ƙaya da sarƙaƙiya za su ci gaba da cin ta? Ku dubi sakamako. Ƙasar da ake huɗa ta tashi daga kusan eka miliyan 12 zuwa kusan miliyan 18. Alkama da dankali sun kusa ninkawa. Abincin da ake shigowa da shi ya ragu da kusan rabi. An fara rabon abinci da kati a Janairun 1940, amma har aka gama yaƙin ba a sa burodi a kati ba, sai a 1946. Da an bar kowa da son ransa, da ba a kai nan ba.

Baba_Manomi_Giwa:
Injiniya ɗana, ka taɓa riƙe fartanya damina guda cur? Ba gatse nake maka ba, tambaya ce. Shekarata arba'in da ɗoriya ina noma, kuma abin da na sani shi ne kowace gona da halinta. Akwai gefen gonata da ruwa ke kwanciya, ubana bai taɓa sa masara a wurin ba, ni ma ban sa ba. Wata shekara wani malamin gona ya zo da takarda da sabon iri, ya ce in ban shuka gaba ɗaya ba babu ni a rabon taki. Na shuka. A watan Agusta masarar ta tsaya cikin ruwa ta yi ɗorawa, ko buhu ɗaya ban ɗauka a gefen ba. Shi albashinsa bai ragu ba. To da a ce yana da ikon ya rubuta cewa ban iya noma ba, a karɓe gonar, ina zan kai ƙara? Wanda ya ce ba zai huɗe wani wuri ba, ba kullum ne rago ba. Wani lokaci ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar.

Malam_Bashir_Tarihi:
Baba, maganarka ta faru a can ma. Yawancin tsoffin makiyayun da aka huɗe suna cike da wata tsutsa mai cin saiwar hatsi, shukar farko ta lalace a wurare da yawa. Ƙasar laka mai nauyi irin ta Essex kuma in ba a yi mata magudanar ruwa ba, wahala ce kawai. Sai dai akwai bambanci da malamin gonarka. Mutanen kwamitin nan yawancinsu manoma ne da masu filaye na yankin, ba a biyan su albashi, minista ne ya naɗa su, a ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan kwamitoci na yanki-yanki masu zagaya gonaki da ƙafa. Gwamnati ta yi alfahari da haka, wai manomi ne ke duba manomi.

Zainab_Lauya:
To ai nan gizo ke saƙar, Malam. Abin da gwamnati ta ɗauka ƙarfin tsarin ne, ni shi nake gani raunin sa. Maƙwabcinka mai gona babba, wanda iyakarsa ta haɗu da taka, wanda wataƙila kun taɓa rigima kan hanyar ruwa ko shinge, shi ne zai zo ya auna ka. In aka fitar da kai, gonar za a ba wani ya noma, kuma wannan wanin ɗan yankin ne. Ko da mutum tara cikin goma masu gaskiya ne, na goman fa? Dokokin tsaro na 1939 sun ba minista ikon karɓar ƙasa da soke yarjejeniyar haya, kuma ba su buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu mai zaman kanta ba. Ma'aikatar da ta naɗa kwamiti ita ce mai sa hannu a kan hukuncin kwamiti. Mai ƙara da alƙali gida ɗaya suka kwana. Malam Sani, in ka tambaye ni, wannan ne laifin, ba umarnin huɗa ba.

Injiniya_Kabiru:
Hajiya Zainab, a kai ƙara kotu a yi wata takwas ana ɗage zama? Lokacin shuka ba ya jiran alƙali.

Zainab_Lauya:
Ba a rasa hanya ba Injiniya, ba a so ba ne. Mutum uku daga wata gunduma, sati biyu, su saurari ɓangare biyu. Shaida kuwa ita ce bayan yaƙi, dokar noma ta 1947 ta riƙe ikon sa ido da na korar manomi, amma ta kafa kotun ƙasar noma da za a iya kai ƙara gabanta. Su da kansu sun ga giɓin. A 1958 kuma suka soke ikon korar gaba ɗaya.

Auwal_Dan_Kasuwa:
Ni abin da ban gane ba, su wa aka kora ɗin? Masu gonar kansu ko 'yan haya?

Malam_Bashir_Tarihi:
Duka biyun, amma mafi yawan gonakin Ingila a lokacin haya ne a hannun manyan masu filaye, Walden ma ɗan haya ne. Kuma karɓar iri-iri ce. Wani gona ɗaya aka yanke daga cikin gonakinsa. Wani fili ne da mai shi ya watsar ya tafi birni. Wani an karɓi gonar an bar shi a gidan. Wani kuma an fitar da shi da iyalinsa da kayansa. In aka haɗa duka lissafin ya kai dubbai, amma waɗanda aka raba da gida da gona gaba ɗaya su ne kaɗan a ciki. Tsakanin 1941 da 1943 aka yi ƙidayar gonaki kusan 300,000, duk mai eka biyar zuwa sama, aka sa wa kowane manomi harafi: A mai kyau, B matsakaici, C mai rauni. Kusan biyar cikin ɗari ne suka sami C. Samun C ba ya nufin kora kai tsaye. Da farko gargaɗi ne da sa ido, a aiko da taraktar kwamiti ta huɗe maka ka biya daga baya, a ba ka iri da taki bashi, a turo maka 'yan matan rundunar noma, waɗanda suka kai 80,000 a 1943, ko fursunonin yaƙi 'yan Italiya.

Maman_Hanifa:
Wannan harafin C ɗin ya tsaya mini a rai. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya babanmu ya kwanta ciwo tun farkon damina har kaka. Yayyena maza ƙanana ne. Duk wanda ya bi ta gonarmu shekarar zai ce masu ita ba su san darajar ƙasa ba, ciyawa ta fi geron tsawo. Ranar wata Asabar mai unguwa ya kira gayya, mutum ya fi talatin, innarmu ta dama kunu da fura, kafin la'asar an gama noman biyu. Ba wanda ya rubuta sunan babanmu a takarda. Da takarda aka zo da ita, C za a ba shi, kuma gaskiya ne gonar ta lalace, amma ƙarya ne a ce bai iya noma ba. Malam Bashir, a fom ɗin nasu akwai wurin rubuta dalili?

Malam_Bashir_Tarihi:
Akwai, Maman Hanifa. In an ba mutum B ko C sai a nuna ko tsufa ne, ko rashin jari, ko kuma abin da suka kira gazawar mutum a kan kansa, nan ne mai dubawa ke rubuta ra'ayinsa, rago ne, mashayi ne, ba shi da himma. Fom ɗin suna nan ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, jikoki na zuwa su karanta abin da maƙwabci ya rubuta a kan kakansu. Kuma ku tuna daga ina manoman suka fito. A Yaƙin Duniya na Farko gwamnati ta yi musu alkawarin farashin hatsi, a 1921 ta janye. Shekara kusan ashirin hatsin waje mai araha yana karya su, da yawa suka sayar da dawakan huɗa, suka bar gona ta koma ciyawa, magudanan ruwa suka toshe. Talaucin da siyasar gwamnati ta taimaka wajen jawowa, shi aka zo ana rubutawa a matsayin halin mutum.

Ustaz_Nura:
Bari in sa baki ta fuskar shari'a, don asalin maganar ba baƙo ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa Bilal ɗan Haris Almuzani fili mai faɗi a Aƙiƙ. A zamanin Sayyidina Umar, da ya ga ya kasa raya shi duka, sai ya ce masa ya riƙe abin da zai iya, sauran aka raba wa Musulmi. An kuma ruwaito daga Umar cewa wanda ya killace mataccen fili ya bar shi shekara uku bai raya ba, ba shi da haƙƙi a kansa. Ke nan ƙasa ba abin da za a rungume a hana jama'a amfaninta ba ne.

Abu_Maryam:
Ustaz, Allah ya saka da alheri, amma a yi hattara da ƙiyasin. Filin Bilal kyautar shugaba ce da aka bayar don a raya, killacewa kuma a kan matacciyar ƙasa ce da ba ta da mai ita. Ba a ce Umar ya shiga gonar da mutum ya gada ko ya saya, yana cikinta da dabbobinsa, ya ce nomanka bai yi mini ba, fita. Kuma ko Bilal an bar masa gwargwadon ƙarfinsa. Wannan ya fi kama da yanke gona ɗaya da Malam Bashir ya ambata, bai yi kama da fitar da tsoho daga ɗakinsa ba.

Ustaz_Nura:
Wannan gyara ne mai kyau, na yarda da bambancin.

Dan_Madani:
Gaisuwa daga Sudan. Mu nan wannan tsari ba labari ba ne. Aikin noman Jazira da Turawan Ingila suka buɗe a 1925 bayan gina madatsar Sinnar, a kan haka aka gina shi. Ana ba manomi yanki da muke kira hawasha, a gaya masa inda zai sa auduga da ranar ban ruwa, sufeto na zagayawa, wanda ya yi sakaci ana iya karɓe hawashar a ba wani. Hausawa da yawa sun yi ƙwadago a gonakin nan. Abin da nake so ku lura, a nan babu yaƙi, auduga ce kawai ake buƙata a masaƙun Lankasha na Ingila. Sun saba yi wa talakawan mulkin mallaka, yaƙi ne ya sa suka juya shi kan nasu.

Garba_Malumfashi:
Ɗan Madani ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ana ta tausayin manomin Ingila, mu namu fa? Da Japan ta kama Malaya a 1942, kuzar da Birtaniya ke samu daga can ta yanke, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutane na tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, tsofaffinmu na kiran abin diban gwamna. Kakana na cikinsu. Ya ce sanyin dutse da ƙarancin abinci sun kashe mutane a gabansa. Can an raba gona da manomi don wai ba ya noma ta, nan an raba manomi da gonar da yake nomawa. Ga kuma matsin a shuka gyaɗa don man girkinsu. Yaƙi ɗaya ne, gwamnati ɗaya.

Auwal_Dan_Kasuwa:
Ai ko bayan 'yanci ba mu tsira ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum don amfanin jama'a. Ku tuna rikicin madatsar Bakolori a 1980, manoman Talatar Mafara da suka tare hanya kan gonaki da diyya, aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da yawa.

Sani_Dawanau:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Malam Garba, Malam Auwal, maganganunku gaskiya ne kuma sun cancanci zaure nasu na musamman. Amma ina roƙo mu dawo kan tambayar, don ta bambanta. A Bakolori ba a ce manomi ya gaza ba, an ce ana son wurin. A Ingila an ɗora wa mutum laifi ne, an ce kai ne ba ka isa ba. Wanda aka kora haka, wane mai fili ne zai sake ba shi haya? Ya rasa gona, ya rasa suna.

Injiniya_Kabiru:
Na ji duka, kuma na sassauta a kan maganar Hajiya Zainab, ya kamata a ce akwai inda za a kai ƙara. Amma kada mu manta da abin da kwamitocin suka gyara. Fadamun gabashin Ingila da ruwa ya cinye, irin na Feltwell a Norfolk, su suka janye ruwan, suka tono manyan kututturan itatuwa da suka daɗe binne, suka shuka. Tuddan Wels da ƙaya ta rufe sun ba da dankali. Tarakta ta tashi daga 56,000 a 1939 zuwa wajen 200,000 bayan yaƙi. Ƙaramin manomi shi kaɗai ba zai iya wannan ba. Kuma da babu barazanar karɓewa, mutum nawa ne za su bi umarnin huɗa? Kora kaɗan ce ta sa dubu ɗari suka motsa.

Baba_Manomi_Giwa:
Ɗana, ka faɗi gaskiyar da kanka. An kori wasu ne don a tsorata saura. To wanda aka zaɓa ya zama abin tsoratarwa, ba mai ƙarfi ake zaɓa ba. Tsoho ake zaɓa, da gwauruwa, da wanda ba shi da ɗan'uwa a kwamiti.

Hadiza_Maradi:
Ina bin ku tun safe daga Nijar. Tambaya ɗaya gare ni: da aka gama yaƙin, an mayar musu?

Zainab_Lauya:
Mai gonar kansa yana da damar a mayar masa, ko da yake gwamnati ta ci gaba da riƙe wasu filayen shekaru bayan 1945. Ɗan haya da aka soke yarjejeniyarsa kuwa, an riga an sa wani a wurin. Filayen da soja suka karɓa ma wani babi ne. Ƙauyen Tyneham a Dorset da na Imber a Wiltshire an kwashe mutanensu a Disambar 1943 don atisaye, har yau ba su koma ba. A tudun Epynt na Wels an tashi gonaki 54 a 1940. Rigimar wani fili a Crichel Down, da aka ƙi mayar wa magada, ita ta sa ministan noma Thomas Dugdale ya ajiye aiki a 1954.

Hadiza_Maradi:
To ni a nan nake tsayawa. In larura ce ta sa aka karɓa, ranar da larura ta kau sai a mayar. Aro sunansa. In ba a mayar ba, ya tashi daga aro.

Abu_Maryam:
Amma ga ɗan haya me za a mayar, Malama Hadiza, tunda ƙasar ba tasa ba ce tun asali? Shekarun da ya zuba taki da guminsa a ciki su ne dukiyarsa, kuma ba a auna su da eka.

Maman_Hanifa:
Ni har yanzu ina kan tsohon nan. Shekara 65, shanunsa ne kawai aikin da ya sani. Da an turo taraktar ta huɗe gefen da ake so, a bar shi a ɗakinsa da ragowar makiyayarsa, me zai ragu a burodin Landan?

Injiniya_Kabiru:
Ai shi ne ya ƙi huɗar tun farko, Hajiya. Wanda ya ɗauko bindiga don an zo da takarda, kina ganin zai bar tarakta ta shiga?

Maman_Hanifa:
Wataƙila ba zai bari ba. Amma da an gwada aiko masa da wanda yake jin nauyinsa kafin a aiko ɗan sanda.

Garba_Malumfashi:
Malam Sani, in Allah ya kai mu Juma'a zan je gida. Ƙanin kakana yana da rai, shi aka bar wa gandu shekarar da aka tafi da yayansa Jos, yana ɗan shekara goma sha uku. Zan tambaye shi yadda gonar ta kasance a daminar nan da wanda ya taimaka masa, in kawo muku.

Sani_Dawanau:
Allah ya kai mu. Ka tambaye shi har da haraji, ko an sassauta musu a shekarar.